Takalman Lahadi a Ƙofar Masallacin Kol Kam

A unguwar Hausawa ta Kol Kam, a garin Inugu, an san Kallamu da abu biyu, kaurin shayinsa da tsawon labarinsa. Shayin kowa yana so. Labarin ne ba mai so. Da zarar ya ɗaga buta ya ce, "Wato lokacin da muke Sifen," sai ka ga 'yan dako suna kwankwaɗar shayi da zafinsa, suna ƙone harshe, don su samu su tashi.

Ya je Sifen ɗin kuwa. Yana saurayi ya yi wa wani Bature injiniyan ramin kwal aikin kuku. Da Baturen zai tafi hutu ƙasarsu sai ya tafi da shi, don matarsa ba ta cin girkin kowa sai nasa. Suka shiga jirgin ruwa a Fatakwal. Ana cikin tafiya injin ya lalace, aka jawo jirgin zuwa wata tasha a gaɓar Sifen, aka ce gyaran zai daɗe. Matar Baturen kuwa irin mutanen nan ce da za su tsaya gaban tsohon bango rabin yini suna girgiza kai. Ta sa mijin ya ɗauko hayar mota suka bi garuruwa suna kallon gine-gine, Kallamu a kujerar baya da kwandon shayi a cinya. Tun daga nan bai daina ba da labarin ba, har furfura ta fito masa.

Na'Allah, sarkin fawan unguwar, bai taɓa yarda ba. Cewa yake Panya Kallamu ya je, tsibirin nan na bayan Kalaba inda Turawan Sifen ke ɗibar leburori noman koko.

"Kowa ya je Panya da ƙaiƙayi yake dawowa," in ji shi. "Kai kaɗai ka dawo da gine-gine."

Liman Yero ya yarda, kuma yardar ce ke ci masa rai. Tun yana ɗalibi a Zariya yake karanta sunayen garuruwan nan a littattafai. Shi ne ma ya gyara wa Kallamu baki, ya ce ba Kodoba ake cewa ba, Ƙurɗuba. Abin da ya kasa warwarewa shi ne hikimar da ta sa aka kai mai soya ƙwai inda manyan malamai suka yi zamani, aka bar mai karatu a Kol Kam yana raba rigimar mahauta.

Ƙarshen daminar 1966 jiragen ƙasa suka fara isowa daga Arewa cike da Ibo masu gudun kisa. Wasu da raunuka, wasu a kwance aka sauko da su. Duk wanda ya je tasha ya gani, ba ya dawowa da fuskar da ya tafi da ita. Aka fara jin an taɓa Hausawa a Fatakwal, an ƙone rumfuna a Anacha. Sai rediyo ta ce duk wanda ba ɗan Gabas ba ya tattara ya tafi, gwamnati ba za ta iya tsare ransa ba. 'Yan sanda suka zo suka ce za a turo manyan motoci su kwashe mutanen unguwa zuwa tasha.

Kowa ya shiga ɗaure kaya. Abu ɗaya ne ba ya ɗauruwa, masallaci.

Ba wani babban masallaci ba ne. Bulo ne da rufin kwano, mahauta da 'yan dako suka gina shi da hannunsu. Amma Kallamu ya sa baki a ginin. Ya matsa sai da aka yi wa ƙofa da tagogi baka, wato samansu a lanƙwashe, ya sayo fenti ya zana musu ja da fari, ja da fari, wai haka na Ƙurɗuba yake. Na'Allah ya duba ya ce ai wannan tsire ne, nama da kitse, nama da kitse. Duk da haka in baƙo ya zo daga Anacha, Na'Allah ne ke fara kai shi ya ga ƙofar.

Bayan azahar maza suka zauna a ciki. Na'Allah ya ce a cire kwano da ƙofa a bar kango, wuta ba ta cin kango. Liman ya ce ba zai tsaya yana kallo a yaye wa ɗakin Allah rufi ba. A kulle, a tafi, mai ɗakin ya fi kowa iya tsaro.

"Allah gafarta Malam," in ji Na'Allah, "na Anacha ma kullewa suka yi. Ɗan'uwana ya ce kwaɗon ƙofar kaɗai aka tsinta a toka, yana nan a kulle."

Ana cikin haka aka yi sallama daga waje. Mazi Ogbodo ne, wanda gidansa ke jingine da bangon masallacin. Tsohon mai haƙar kwal ne, yanzu shi ke koyar da addini a ƙaramin cocin unguwa. Ya koyi Hausa a Bukuru lokacin da ya yi haƙar kuza. Ya daɗe yana ƙorafin ladan na hana shi barcin asuba, ya kuma daɗe yana faɗa wa mutane cewa saboda ladan ne bai taɓa makara a aiki ba. Ɗansa Obiora yana aikin jirgin ƙasa a Kano, kuma har ranar ba a ji ɗuriyarsa ba. Kowa a masallacin ya san wannan, shi ya sa aka amsa sallamar a hankali.

Bai shigo ba. Ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu.

"Malam, sannunku da shawara. Ni ma shawara na kawo. Yaran nan na bakin kasuwa sun sayi fetur, na gani da idona. Jira suke ku tafi."

"Mun sani, maƙwabci," in ji Liman.

"Cocinmu ya cika. Mutanen da suka dawo daga Arewa a waje suke tsayawa, ruwa na dukansu. Ku ba ni makulli. In sa benci a ciki, in kafa gicciye a ƙofa. Ba yaron da zai cinna wa coci wuta uwarsa tana ciki tana waƙa."

Wuri ya kaure. Wani ya ce a'uzubillahi, wani ya miƙe tsaye, wani ya ce gara wutar. Liman ya ɗaga hannu aka yi shiru. A cikin wannan shirun ne aka ji gyaran murya daga sahun baya.

"Wato lokacin da muke Sifen..."

"La ilaha illallahu!" in ji Na'Allah. "Kallamu, ana maganar fetur!"

"Ƙyale shi, Sarkin Fawa," in ji Liman. "Mu da muke da hankali ba mu ce komai ba. Faɗi, Kallamu. Amma ban da jirgin ruwa, ban da aman da ka yi."

Kallamu ya gyara zama. Tunda yake, ba a taɓa cewa ya faɗi ba.

"Garin farko Ishbiliya. Akwai hasumiya, Malam, in ka ɗaga kai sai hularka ta faɗi. Ciki babu matakala. Gangare ne yake zagayawa har sama, mai faɗi, wai don ladan ya hau da dokinsa."

"Ladan da doki," in ji Na'Allah. "Namu ko keke ba shi da shi."

"Ni na hau da ƙafata, da kwando a ka. Na isa sama ina haki, sai na tarar da ƙararrawa, manya-manya, kowace ta kai randa. Suka kaɗa ina tsaye a ƙarƙashi. Har muka bar garin Madam tana magana ina ganin bakinta kawai. Daga nan Garnaɗa, gidan sarki a kan tudu. Ruwa yana gudu a tsakar ɗaki, da gangan, ba yoyo ba. Akwai zakuna na dutse sun ɗauki kwano a baya, ko da yake ni na ga sun fi kama da karnukan da suka ƙoshi. Bango kuwa tun daga ƙasa har sama rubutu ne. Madam tana cewa kai, ado, ado. Na matsa na duba, ashe sunan Allah ne, an jera shi ba iyaka."

"Kai dai je ka Ƙurɗuba," in ji Liman, da ɗan zafi.

"To, Ƙurɗuba. Ka fara shiga fili ne mai itatuwan lemo. Na ga ƙofa, na ga wurin da aka yi don alwala, jikina ya ba ni. Na tuɓe takalmi. Na rasa inda zan ajiye, ba na kowa a ƙofar, sai na cusa su cikin kwando a kan biskit ɗin Madam. Na sa ƙafa. Malam, dutsen nan kamar ƙanƙara. Sanyi ya bi ta tafin ƙafata ya fito ta ido, hawaye suka zubo. Ina ɗaga kai sai ga ginshiƙai, kamar ka shiga gonar dabino da ba ta da ƙarshe. Baka a kan baka, ja da fari, duk inda ka juya. Ina tafe a kan yatsu ina hawaye, sai wasu tsofaffin mata masu baƙaƙen kaya suka gan ni. Su a wurinsu, wanda ya shiga ba takalmi yana kuka, babban mai tuba ne. Suka biyo ni. Wannan ta taɓa rigata ta shafa a goshi, waccan ta damƙa min burodi."

"Ka ci?" wani ya tambaya.

"Na ci mana. Ina cikin tafiya da jama'ata a baya, sai na ga tsakiyar masallacin ta buɗe ta yi sama. Coci, Malam. Cikakken coci, da gumakansa da kyandirori, a zaune a cikin masallaci kamar gwaiduwa a cikin ƙwai. Na ce wa Maigida ya tambayar min mai yi mana jagora, ina sauran masallatan garin? Ya ce da suna da yawa ƙwarai. Na ce suna ina? Ya buɗe hannu haka. Sai wannan. Wannan ya tsaya saboda akwai masu shiga suna share shi, suna gyara rufi in ya yi yoyo. Kuma mihrabin yana nan, Malam. Na tsaya a gabansa. Ayoyin suna nan da ruwan zinariya, ana karantawa."

Kallamu ya tsayar da labarin da kansa, abin da ba a taɓa gani ba.

Liman Yero ya sunkuyar da kai. Tambayar ba ƙarama ba ce, kuma ba ta cikin waɗanda aka koya masa. Ɗakin da aka gina don a yi sujada, wanne ya fi masa, ya zama toka ba a ambaci kowa a cikinsa ba, ko ya tsaya ana ambaton Allah ta hanyar da masu ginin ba su yarda da ita ba? In ya kulle ya tafi, hannunsa tsaf, amma ya san abin da zai biyo baya. In ya bayar, ginin ya tsira, hannunsa ne bai tsira ba. Ya lura kuma, abin da ya fi ba shi haushi, cewa ya fi damuwa da hannun nasa.

Bayan la'asar ya aika aka kira Ogbodo. Aka shimfiɗa tabarma a waje.

"Ban ce na yarda ba," in ji Liman. "Tambaya nake. Bangon alƙibla, ba hoto, ba gunki."

"Ba za a sa ba."

"Ba bammi, ba naman alade, ko ranar biki."

"A coci? Malam, mu ma muna da kunya."

"Ba kare."

"Kare ba ya zuwa coci."

"Ganga fa?"

Ogbodo ya ce, "Ƙarama."

Liman ya rufe ido ya haɗiye gangar. "Shi ke nan. Sai abu mai sauƙi. Kowa ya tuɓe takalminsa a ƙofa."

"A'a," in ji Ogbodo.

Aka dubi juna. Mutumin da ya yarda da bango, ya yarda da bammi, ya rage ganga.

"Maƙwabci, takalmi fa na ce."

"Na ji. Malam, ku a ƙofa kuke cirewa. Mu a ƙofa muke sawa. Ba ka taɓa ganinmu ranar Lahadi ba? Mace za ta taso tun daga bayan kasuwar Ogbete da ƙafa, takalminta a ka cikin ƙyalle. Ta zo famfo ta wanke ƙafa, ta sa takalmi, sannan ta shiga. Mutum ya haƙa kwal har bayansa ya tanƙware ya sayi takalmi, rana ɗaya tak yake da ita ta sawa. In ce masa ya bar shi a waje? Wa zai gani?"

"Allah zai gani."

"Allah ya gani a waje? Gaban Allah za ka je da ƙafa tsirara kamar mai zuwa gona?"

"Gaban Allah za ka je da abin da ka taka kashin akuya da shi?"

"Chineke, Ubangiji! Bai taɓa taka ƙasa ba! A ka ake ɗauko shi!"

Takalmin da bai taɓa taka ƙasa ba, a shari'a ma sai an zauna. Liman yana cikin juya maganar sai Na'Allah ya nuna ƙafar Ogbodo da haɓa. Wasu ƙattin takalman rami ne, baƙi ƙirin, da busasshen taɓo har idon sawu.

"Waɗannan ma a ka ka ɗauko su, Mazi?"

"Yau Lahadi ce?" in ji Ogbodo, ya miƙe. "Ni na zo in taimaka. In na ce wa matan nan su tuɓe takalmi ba za su zo ba. In ba su zo ba, benci kawai yaran za su tarar, benci kuwa yana cin wuta. Ku yi yadda kuka ga dama."

Ya sa hularsa ya tafi. Liman ya ce shi ma ba zai sa hannu a tattake inda goshin mutane ya daɗe yana sauka ba. Magana ta mutu a kan takalmi.

Kallamu ya koma gida ya tarar da matarsa Barira tana cusa tukwane a buhu. A Kol Kam aka haife ta, Ibonta ya fi Hausarta gudu, kuma ba ta taɓa wuce Makurɗi ba. Yanzu ana ce mata za a koma gida, ita kuwa ba ta san ko wane kala gidan yake ba. Ya zauna a kan akwati ya kwashe duka ya faɗa mata.

"Yau dai an saurare ka," ta ce. "Sai ka yi sadaka."

"An saurara, bai yi amfani ba."

"Malam, tashi daga kan akwatin nan biko, don Allah. Ni wannan labarin naka na ji shi har na iya. Kai ba ka ce cocin a ciki aka gina shi ba? Nasu daban, a cikin naku?"

"Haka ne."

"To, katakon rumfar shayinka, da shi za ka shiga jirgi? Teburan mahauta fa, Na'Allah a ka zai ɗauka har Kano? Ku shimfiɗa musu a ƙasa su taka abinsu. Maza kun zauna tun azahar."

Kallamu ya dube ta. Ya fita bai ko sa hula ba, ya kai wa Liman maganar, daga nan ya wuce gidan Ogbodo.

Washegari da hantsi aka fara. Aka naɗe tabarmi da buzaye. Aka kwance rumfar shayi, aka kwaso teburan fawa, aka kankare su da wuƙa aka wanke da toka da ruwan zafi. Ogbodo ya zo da tsofaffin abokan aikinsa na rami, mutanen da suka ƙare rayuwarsu suna tokare ƙasa da katako don kada ta faɗo musu. Suka jera gumagumai a ƙasa, suka ɗora katako a kai, tsakaninsa da daɓen masallaci kamar tsawon hannu. Ba a yi hira sosai ba. Wanda ƙaninsa bai dawo daga Jos ba yana riƙe da katako, wanda aka ƙone rumfar ɗan'uwansa a Anacha yana buga ƙusa. In guduma ta sami yatsa, kowa ya yi zagi da harshensa.

Sahun farko, gaban mihrabi, aka bar shi yadda yake, aka ɗaure igiya.

Duk wankin da aka yi, ƙamshin nama bai fita ba. Ƙudaje suka biyo teburansu har ciki. Wani tsoho daga cikin masu haƙar kwal ya shaƙa ya ce da Turancin kasuwa wannan cocin zai yi jama'a, ko azumi ake mutum ya shigo ya ƙoshi.

Liman ya zo dubawa. Ya ƙwanƙwasa katakon da sanda, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya ga daɓen yana nan ba abin da ya taɓa shi sai gumaguman.

"Wanda ya taka nan," ya ce a hankali, "teburin Na'Allah ya taka."

"An daɗe ana taka ni, Malam," in ji Na'Allah. "Ba komai."

Motocin suka iso kafin azahar, da 'yan sanda a gaba. Aka fara loda mata da yara da buhuna. A can bakin layi samari sun tsaya, ɗaya da galan a hannu. Ta ɗaya gefen kuma matar Ogbodo ta fito da mata 'yan'uwanta, ranar ba Lahadi ba, kowace da ƙullin takalmi a ka. Suka tsaya a famfo suna wanke ƙafa.

Liman ya fito daga masallaci na ƙarshe, da makulli a hannu. Ogbodo ya miƙo nasa hannun. Liman ya dubi hannun, ya dubi makullin, sai ya juya ya rataye shi a ƙusar jikin ƙofa ya kau da kai.

"Malam, mene ne wannan?"

"Na manta shi a nan. Tsufa."

"Ba ka manta ba, ina kallonka."

"Maƙwabci, hannuna ba zai miƙa makullin masallaci a yi coci ba. Ka ɗauka in na juya."

"Ni ma hannuna ba zai ɗauki abin da ba a ba ni ba. Gobe a ce Hausawa suna fita Ogbodo ya ƙwace masallacinsu? Ni nake koya wa yara kada su yi sata."

Direba ya danna ham. Na'Allah daga saman kaya ya yi ihu, "Allah gafarta Malam, jirgi ba ya jiran fatawa!"

Tsofaffin biyu suka tsaya, makulli yana lilo a tsakaninsu. Samarin bakin layi suka ɗan matso. Kallamu ya buɗe baki zai kawo wani abu daga Sifen, ya laluba, ya tarar babu.

Can sai Liman ya ce, "Maƙwabci, kana neman aiki?"

"Wane aiki?"

"Gadi." Ya juya wajen mutanen da ke kan mota. "Jama'a, in za a ɗauki mai gadi, ana tambayar addininsa?"

"Ba a tambaya!"

"In barci ya kama mai gadi ya yi waƙa don ya wartsake, da laifi?"

"Babu!"

"In ya ji tsoro ya kira danginsa su taya shi zama?"

"Ya kyauta!" in ji Na'Allah. "Malam, a hau mota!"

Ogbodo ya sosa ƙeya. "Mai gadi yana iya kafa alama a ƙofa? Saboda ɓarayi."

Liman ya ɗaga kai yana duban hadari. "Abin da mai gadi ya yi bayan masu gida sun juya baya, tsakaninsa da ɓarayi ne."

Ya zare makullin daga ƙusa ya sa a tafin Ogbodo, ya haɗa da lemarsa, ya ce ladan gadi ke nan, ba shi da wani abu.

"Har yaushe gadin?"

"Har mu dawo."

Ogbodo ya riƙe hannun Liman bai saki ba. "In kun isa Kano, Malam. Obiora. Dogo ne, yana da wushirya. A wajen gyaran kan jirgi yake."

"Zan je da ƙafata."

Aka ja Liman sama. Motar ta tashi. Suna kallo matan suka jeru a ƙofa mai ja da fari, kowace ta dafa kafaɗar 'yar'uwarta tana sa takalmi, suka shiga ɗaya bayan ɗaya. Ana jin ƙwas-ƙwas ɗinsu a kan teburan fawa. Kafin motar ta kai bakin layi waƙa ta tashi, da ganga, wadda ba ƙarama ba ce ko kaɗan. Yaron mai galan ya saurara, ya ji wata murya da ya sani, ya mayar da galan ɗin bayansa.

Sai da suka wuce kasuwa Liman ya ce, "Kallamu."

"Na'am, Allah gafarta Malam."

"Masu wancan masallacin na Ƙurɗuba. Da suka tafi, sun koma?"

Kallamu ya dubi buhun da ke tsakanin ƙafafunsa.

"Ba su koma ba, Malam."

"Ko ɗaya?"

"Mai jagoran ya ce ko ɗaya."

"Ka san haka jiya."

"Na sani."

"Da ka faɗa, da ban bayar ba."

"Shi ya sa."

Motar ta faɗa rami, kowa ya dafe kayansa. Liman ya juya yana neman rufin kwanon a cikin rufin gidaje, ya same shi, ya riƙe shi da ido har aka sha kwana.

Na'Allah ya sunkuyo daga saman kaya. "Malam, don Allah, ƙaryar da mutum ya yi da bakinsa a rufe, ita ma ƙarya ce?"

"Sarkin Fawa," in ji Liman, "ka tambaye ni in mun haye gadar Makurɗi."